Littafin da Na Ƙunsa Nama da Ƙarshensa

Ni mahauci ne, ɗan mahauci. A Talata Mafara anka haife ni, kuma nan nake da tukuba kusa da tasha, ina gasa tsire da balangu. Ban gama firamare ba mahaifinmu ya ce karatun ya isa haka, in zo in riƙe masa ƙafar saniya. Hausa ina karanta ta, amma da yatsa, kalma bayan kalma, in na gamu da doguwa sai na koma baya na sake taho mata. Na faɗi wannan tun farko don kada wani ya zaci malami ne zai yi bayanin littafi.

Duk mai tukuba yana sayen takardar ƙunshi. Akwai mutumin da ke kawo mana ita a buhu, tsofaffin jaridu da takardun jarrabawa da littattafan da anka gama da su. Abin da mahaifinmu ya koya mana shi ne ba a ƙunsa nama a takardar da ba a duba ba. In akwai rubutun Arabiyya, ko sunan Allah ko na Annabi da boko, sai a ware ta gefe a ƙona, domin takardar tsire ƙarshenta juji ne, a taka ta da ƙafa. Wannan dubawar ita ce ta hana ɗan karatun da na yi ya gudu gaba ɗaya.

A cikin irin wannan buhun littafin ya zo. Ba shi da bango, ɓera ya ci gefe guda. Na ajiye shi kusa da kwanon yaji na shiga yaga. Mu daga baya muke yagar littafi, don in ka fara ta gaba ɗinkin sai ya saki, iska ta watsa maka ganyayen. Na yi kwanaki ina yaga, in bi shafi da ido ina neman sunan Allah kawai, in ban gani ba in naɗe tsire in miƙa. Ran nan kasuwa ta mutu, ba mai saye, na riƙe ganyen da zan yaga, sai na ga wai lauje ne ke yi wa garma gardama. Na sake karantawa. Lauje dai, na yankan ciyawa. Na goge hannuna a riga na juya littafin na koma farkonsa. A ganyen farko da ya rage an rubuta cewa ba da Hausa anka fara yin sa ba, an juyo shi ne daga harshen wata ƙasa mai sanyi. Sunan mai shi da sunan wanda ya juya duk suna wajen da ɓera ya ci.

Lokacin ina da sararin karatu. Da can ba na zama, yau ina kasuwar Damri, gobe Jangebe, jibi Janbako, ina ciniki da dillalai ina koro shanu. Tun da hanyoyin sunka lalace na daina fita, sai abin da ya iso kara, wato kasuwar shanu, nake yankawa, shi ma ba yawa.

Kuma lokacin yayana yana gidana, wanda nake bi. Tun yana saurayi ya bar fawa, ya ce shi bai iya kallon idon dabba a ƙasa, ya koma wajen dangin innarmu a wani ƙauye bayan Janbako ya zama manomi. Bayan kaka 'yan bindiga sunka shiga ƙauyen da rana tsaka. Sun ƙone rumbuna, sun kore shanun huɗa, sun kashe waɗanda sunka kashe. Yaya ya iso mini shi da matarsa da tufafin jikinsu. Ban tambaye shi abin da ya gani ba, shi ma bai faɗa ba. 'Ya'yansa dama sun watse, matan suna gidajen aure, namijin yana can kudu wajen nema. Na ba su ɗakin da ke kusa da zaure.

Ya shiga ɗakin nan ya zauna. Masallaci kawai ke fitar da shi. In an kai tuwo ya yi loma biyu ya ture. Mutumin da ƙwanjinsa ya fi cinyata kauri, sai ga riga tana rawa a jikinsa. Matarsa, wadda muke wasan ƙanen miji da ita tun tana amarya, tana ce mini ƙaramin miji mai warin kitse, ta daina wasan. Wata safiya ta tare ni a tsakar gida ta ce in riƙa tafiya da shi wajen sana'a, ko ba ya komai, don in ya ci gaba da zaman ɗaki zai bushe kamar ƙirgi. Na ja shi. Ya riƙa zama a bencin da ke gefen tukuba, ya ba naman baya, ya zuba wa motoci ido.

Yana zaune haka wata rana bayan azahar na fashe da dariya ni kaɗai. Ya waiwayo.

"Barunje, kai da wa?"

Haka yake kirana tun muna yara, wato mahauci, shi da ya gudu daga sana'ar gidansu. Na ce ni da zarto ne. Na karanta masa wurin, inda wani tsohon zarto da haƙoransa sunka zube yake cika baki a gaban sabbin kayan aiki, yana lissafa itatuwan da ya kayar, kowane ba da labari itacen yana ƙara kauri. Yaya bai yi dariya ba. Amma washegari da munka zauna, kafin in gama hura wuta, ya ce mini ina zarton nan ya kwana.

Daga nan munka shiga. Kullum tsakanin azahar da la'asar in karanta masa abin da ya samu. Kowane babi kayan aiki guda ne ke ba da labarinsa. Akwai tsani, wanda ke ƙorafin cewa kowa da shi yake hawa, amma in an kai sama ba mai waiwayensa, sai in za a sauko a riƙa lalubensa da ƙafa. Akwai shebur wanda aikinsa kwashe ƙanƙara daga bakin ƙofa, don wai a ƙasar ƙanƙara zuba take har ta rufe gida. Wannan ya ba Yaya mamaki. Ya sa na maimaita, sannan ya ce to shi ma shebur ɗin ɗan damina ne, rabin shekara yana barci.

Ban san yadda ake auna littafi ba, amma na san abin da ya kama ni. Kayan nan ba su yi wa kowa wa'azi. Suna gulma, suna gori, suna jin haushin juna, kamar mutanen layin tasha. Kuma wanda ya juya shi zuwa Hausa ya san aikinsa. Inda ya tarar da itacen da ba mu da shi bai ce kuka ce ko tsamiya ba, ya bar shi da sunansa ya faɗi kamanninsa a taƙaice ya wuce. Amma in guduma ta gamu da ƙusa da safe sai sun gaisa, ina kwana, ina gajiya, yaya sanyi. Ina zaton wannan shi ya ƙara, don na ji an ce mutanen can ba su da doguwar gaisuwa. Da bai ƙara ba da ban yarda da su ba. Hausarsa ta gabas ce, yana cewa garma da fartanya. Duk lokacin da na ce garma sai Yaya ya ce galma. Da na gaji da gyaran sai na riƙa sauyawa da kaina tun kafin kalmar ta fita bakina.

Babin wuƙa shi ya taɓa ni. Wuƙar tana cewa dutsen washi yana cin ta kaɗan-kaɗan kowace safiya, ta san shi zai ƙarar da ita, amma ranar da ba a kai ta wajensa ba ji take ba ta da amfani a duniya. Washegari a mahauta na zaro wuƙata, ta mahaifinmu ce, ta sirance har ta koma kamar ganyen rake. Shekara da shekaru ina ɓoye ta a bayana don kada dabba ta gan ta, ban taɓa tsayawa na dube ta ita kanta ba. Na tsaya riƙe da ita har mai riƙon igiya ya tambaye ni ko lafiya.

Mai shayin da ke gefenmu yana jin mu. Ya ce manyan banza, da furfura a gemu muna tatsuniya da rana, ƙarfe ai ba shi da rai. Yaya ya dube shi ya ce, "Kai tun da kake, ban da cokali mi ka taɓa riƙewa?" Mutanen benci sunka yi ta dariya. Ranar Yaya ya cinye tuwonsa. Na koma gida ina jin na yi dabara.

Sai munka iso babin ƙarshe na abin da ya rage. Wani manomi ne tashin hankali ya kora daga gidansa, ya rufe kayan aikinsa a ɗaki ya tafi. Kayan suna cikin duhu suna jira. Lauje ya ce mutumin ya manta da su, ya sayi wasu a inda ya je. Galma ta ce a'a, akwai wurin da tafin hannunsa ya cinye a ƙotarta, duk wadda ya riƙa a can ba za ta zauna masa ba. Tsatsa ta fara kama su. Ƙanƙara ta narke, galma ta ji ƙanshin ƙasa ta ƙarƙashin ƙofa, ta san lokaci ya yi, ba wanda ya zo. Lauje ya sake buɗe baki zai yi mata gori, a nan rubutun ya yanke a tsakiyar magana.

Yaya ya ce in ci gaba. Na nuna masa zaren ɗinkin da guntayen takarda a jiki, na ce saura yana cikin jujin garin nan da maiƙo a jikinsa. Ya dubi zaren. Sannan ya gaya mini abin da bai taɓa faɗa ba tun zuwansa. A gefen gonarsa akwai kuka mai kogo. Nan yake ajiye kayan aikinsa in damina ta wuce, ya shafa wa ruwan galma mai, ya toshe bakin kogon da ƙaya. Galma da hauya da sungumi da lauje duk suna ciki. Ƙotar galmar ta aduwa ce, shi ya sassaƙa ta da hannunsa shekarar da anka haifi ɗansa. Ya ce yana tsoron gara.

Na ce masa gara ta ci, ƙota ai itace ne, daji cike yake da shi.

"Suna can suna jirana," in ji shi.

Na ce ƙarfe ba ya jiran kowa. Ya ce ai ni na karanta masa da bakina.

Bazara ta shigo, zafi ya tsananta, hadari ya fara leƙowa ta gabas yana komawa. Yaya ya daina kallon motoci, ya koma kallon sama. Ran nan ya faɗa mini shirinsa. Binne zai je ya yi, wato ya shuka a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, iri ya kwanta ya jira. Ya ce mutanen dajin, wato 'yan bindigar nan, sai an yi ruwa suke sa ido a gonaki, don sun san lokacin manomi ke fitowa. Kafin ruwa ba mai duban gona. Zai shiga, ya ciro sungumi ya binne irinsa, ya ɗauko galma ya dawo. Irin ma yana nan, ashe matarsa ta ƙullo 'yan zangarnun gero a zanenta ranar da sunka gudo, irin gidan innarmu ne da ba a samu a kasuwa. Na tambaye shi wa zai yi noma in ya tsiro. Ya ce ya dai tsiro tukuna.

Na yi abin da zan iya. Na nemo masa ɗan fili wajen Bakura a hannun wani abokin cinikina, kusa da ruwa. Ya ce ƙasar wani ce. Na sa maƙeri ya ƙera masa sabuwar galma, na kawo har gida. Ya karɓa, ya jinjina ta, ya duba bakinta, ya ce an yi aiki mai kyau. Ya jingine ta a bango bai ƙara taɓa ta ba.

Da na ga haka sai na yi wata dabara. Na ciro ganye biyu daga tsakiyar littafin, na murje su na shafa musu toka, na ce masa na tsinci ƙarshen a gindin buhu. Ya gyara zama. Na riƙe takardar na shiga faɗin abin da na kwana biyu ina shiryawa a kaina. Na ce manomin ya dawo don kayan aikinsa, mutanen da ya gudar wa sunka tare shi a bakin ƙofa sunka kashe shi. Na ce galma ta yi kuka, ta ce da ta san haka ne da ta gwammace tsatsa ta cinye ta, kuma duk mai hankali ya bar ƙarfe ya tsira da ransa. Na yi ƙoƙari. Har lauje na sa ya ba ta haƙuri.

Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Barunje, kullum in kana karatu kamar jaki a cikin yashi kake. Yau sai ga ka da sukuwa."

Kafin in buɗe baki ya ci gaba.

"Kuma galmar littafin ba haka take magana ba. Ita ba ta ba mutum shawara. Wagga da ka karanta mahauciya ce."

Na ajiye takardar. Na ce to ni ke gaya masa, ba galma ba, kada ya tafi. Na ce in ya tafi ba zai dawo ba, kuma ni za a bari da matarsa da amsa tambayar 'ya'yansa. Ya ce da haka na faɗa tun farko da ya fi. Ya ce ya ji, kuma ya gode. Ya tambaye ni ko na san ɗan kabu-kabun da ke shiga wajen Janbako har yanzu.

Ban nemo masa ba. Shi ya nemo da kansa. Da safe bayan an fito masallaci na tarar matarsa tana miƙa masa ƙullin irin, ta riga ta sussuke ta sheƙe. Ya sa a aljihun ciki, ya rataya goran ruwa. Ya ce mini jibi ko gata yana nan. Na raka shi bakin hanya, da babur ya tashi ya ɗaga mini hannu. Da na koma gida na tambayi matar don me ta ba shi. Ta ce wanda ya yi rani a zaune a ɗakin nan ba mijinta ba ne, kwanakin nan ne ta ga mijinta.

Ɗan kabu-kabun ya ce ya sauke shi a inda babura ke tsayawa, ya ga shigarsa hanyar ƙafa. Jibi ta zo, gata ta zo. Bayan 'yan kwanaki ruwa ya sauka, mai yawa, irin wanda manomi ke so. Na zauna da waya a hannu. A ƙasar nan yanzu in naka ya ɓace kira kake roƙon Allah a yi maka, ko da na zagi da barazana ne, don wanda anka kira a kansa yana da rai. Ba wanda ya kira. Na je Maradun na bi duk inda ake bi, na tambayi masu shigowa daga ƙauyuka, na tambayi 'yan sa-kai. Kowa ya ce Allah ya bayyana.

Mutane sun ce littafin ne. Mai shayi ya faɗa a gabana, wasu sun faɗa a bayana. Ban yi musu ba. Da littafin banza ne da Yaya ya saurara ya manta, yana nan a benci yana bushewa. Wanda ya rubuta shi a ƙasarsu ta ƙanƙara bai san akwai wani wuri Janbako ba, amma ya san yadda mutum yake da abin da hannunsa ya saba da shi, wanda ya juya kuma bai zubar da komai a hanya ba. In da zan gamu da shi zan gaya masa aikinsa ya yi kyau. Abin da zan ce masa bayan wannan ne ban sani ba.

Da shuka ta yi kamar tsawon yatsa, wani mutumin ƙauyen da ke maƙwabtaka da nasu ya zo gari, anka kawo shi wajena. Ya ce ya ratsa ta gefen gonar yana sauri. Geron ya tsiro, layi-layi a miƙe kamar an ja da igiya, tun daga gindin kuka har ya wuce rabin gonar. Daga nan layin ya tsaya, sauran fili ne. An janye ƙayar bakin kogon, ya leƙa, ba komai a ciki. Bai ga sungumi a ƙasa ba, bai ga takalmi ba, bai ga jini ba. Ruwa ya riga ya wanke sawu.

Na shiga gida na gaya wa matar Yaya yadda mutumin ya faɗa, ban rage ba ban ƙara ba. Ta tambaya ko ta shiga takaba. Na je na tambayi limamin unguwarmu, ya ce ba a takaba a kan wanda ba a tabbatar da mutuwarsa ba, sai haƙuri da jira. Na dawo na faɗa mata. Ta gyaɗa kai. Tana tankaɗe a lokacin, ba ta daina ba. Can ta ce gero in ya kai haka noman fari yake so, in an bar shi ciyawa za ta shaƙe shi. Ta ce ba ta san ko akwai wanda zai je ba. Ba ta dube ni ba da ta faɗa, amma ba wani namiji a gidan sai ni.

Na ce mata ina da iyali. Ta ce ta sani.

Ban je ba. Ruwa ya yi ta sauka shekarar, damina ta yi kyau, ciyawa ta samu yadda take so.